Sabuwar Shekarar Sinawa a Kano da Daura: Lokacinta, Al'adunta da Abin da Ta Shafi 'Yan Kasuwa

Sau ɗaya a kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ɗan kasuwar Kantin Kwari kan aika saƙo ga mai masana'anta a ƙasar Sin ya ji shiru na kwana da kwanaki. Jami'in gwamnati da ke sa ido a kan aikin hanya ko na layin dogo kan je sansanin kamfani ya tarar da manaja ya yi tafiya, ƙofar ofis kuma an manna mata jajayen takardu masu rubutun Sinanci. Dalilin duka biyun ɗaya ne: bikin sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wanda su ke kira Chunjie, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma suka saba fassara shi da Bikin Bazara.

Sunan yana iya ruɗar Bahaushe, domin a ƙasar Hausa bazara ita ce lokacin zafi gab da faɗuwar damina. A ƙasar Sin ana nufin ƙarshen sanyi da farkon tohon itatuwa, kuma a Arewacin Nijeriya kwanakin kan faɗo ne a ƙarshen hunturu. Shi ne biki mafi girma a wurin Sinawa, kamar yadda Sallah take ga Musulmi wajen komawa gida da sada zumunci. Koriya da Biyetnam na da irinsa a kusan rana guda, haka ma Sinawan Malesiya da Singafo. A watan Disambar 2023 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya saka shi cikin ranakun hutun zaɓi na ma'aikatanta. Tun da yawancin kayan da ke rumfunan Kano, Katsina da Daura daga can suke fitowa, ranar ta shiga lissafin ɗan kasuwar Arewa ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda ake lissafin ranar

Kalandar gargajiya ta Sinawa tana bin wata, amma tana ɗaure da rana. Watanninta kwana 29 ne ko 30, shekara kuma kwana 354 ko kusa da haka, daidai da shekarar Hijira. Bambancin shi ne Sinawa kan ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin kada watanni su kuɓuce wa yanayin noma. Shi ya sa Azumi yake zagaya damina, hunturu da bazara, amma sabuwar shekarar Sinawa ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Wani bambancin kuma, su ba sa jiran ganin jinjirin wata. Lissafin taurari suke bi, ranar da wata ya ɓuya gaba ɗaya ita ce 1 ga wata a wurinsu. Saboda haka farkon watansu kan riga na Musulunci da kwana ɗaya ko biyu.

Wannan tsari ya haifar da wani abu da ya shafi Arewa kai tsaye a waɗannan shekaru. A 2024 da 2025 bikin ya zo daidai da kamawar Sha'aban. Shekarar da ta fara a Janairun 2025 tana da wata 13, sai bikin ya matsa gaba da wata guda, ya koma bakin Azumi. Ga yadda ranakun suke:

17 ga Fabrairu, 2026, shekarar doki, gab da kamawar Azumi.
6 ga Fabrairu, 2027, shekarar tunkiya, gab da kamawar Azumi.
26 ga Janairu, 2028, shekarar biri, gab da kamawar Azumi.
13 ga Fabrairu, 2029, shekarar zakara, gab da Ƙaramar Sallah.
3 ga Fabrairu, 2030, shekarar kare, gab da Ƙaramar Sallah.
23 ga Janairu, 2031, shekarar alade, gab da Ƙaramar Sallah.

Rabon da bikin ya haɗu da Ƙaramar Sallah tun shekarun 1996 zuwa 1998, lokacin da cinikin Arewa da ƙasar Sin bai kai ko kusa da yadda yake a yanzu ba. Sunayen dabbobin kuwa suna zagayawa ne duk shekara 12: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira long, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare da alade.

Abin da ake yi a bikin

Ƙashin bayan bikin shi ne komawa gida. Masana'antun gabar teku, a lardunan Guangdong, Zhejiang da Jiangsu, sun dogara ne da 'yan ci-rani da suka baro ƙauyukan tsakiyar ƙasar, kuma da yawansu sau ɗaya kawai suke ganin iyaye da 'ya'yansu a shekara. Gwamnati kan ware kwana 40 na jigilar matafiya, 15 kafin ranar, 25 bayanta. A 2025 hukumomin ƙasar sun ƙidaya tafiye-tafiye kimanin biliyan 9 a cikin waɗannan kwanaki, idan aka haɗa da masu tafiya a motocin kansu. Hutun da doka ta tanada kwana 4 ne tun daga 2025, a haɗa shi da ƙarshen mako ya zama kwana 8 ko 9. A al'ada kuwa biki ba ya ƙarewa sai ranar 15 ga wata, ranar bikin fitilu.

Kafin ranar, akan share gida, a biya bashi, a manna jajayen takardu masu ɗauke da fatan alheri a gefen ƙofa. Daren jajibiri iyali kan haɗu a ci abinci tare, kuma wannan liyafa ita ce mafi daraja a duk shekara. Mutanen arewacin ƙasar kan yi jiaozi, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da ganye a dafa. Na kudu sun fi son wainar shinkafa mai danƙo. Kifi ba ya rasa hawa teburi, saboda sunansa a harshensu ya yi kama da kalmar rara, wato abin da ya saura bayan an biya buƙata. Manya kan bai wa yara kuɗi a cikin jan ambulan, abin da ya yi daidai da goron Sallah. Tun daga 2014 aka fara aika irin wannan kyauta ta manhajar WeChat.

Jan launi da ƙarar tartsatsin wuta suna da tatsuniyarsu. An ce wani dodo mai suna Nian yakan fito ƙarshen kowace shekara ya addabi ƙauyuka, har mutane suka gano yana tsoron ja, wuta da hayaniya. Kalmar nian ɗin ita ce kuma ma'anar shekara a harshensu.

Su wane ne Sinawan Arewa

Zaman Sinawa a Arewa ya girmi hulɗar jakadanci, wadda Nijeriya da Sin suka ƙulla ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Rukunin farko masu masana'antu ne da suka zo daga Hong Kong bayan samun 'yancin kai. Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, iyalan Lee kuma suka kafa masana'antu a Kano waɗanda suka yi suna wajen yin silifas da kayan roba. Sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye a 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijin, abin da ya sa akan ci karo da Basine mai jin Hausa rangaɗaɗau.

Rukuni na biyu ya zo bayan shekarar 2000, kuma kashi biyu ne. Akwai 'yan kasuwa masu shigo da atamfa, yadi da sauran kaya, waɗanda mutanen kasuwa ke kira 'yan Caina. Zamansu bai rasa tsamin dangantaka ba: a watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun kama wasu daga cikinsu a Kantin Kwari bisa zargin yin cinikin da izinin zamansu bai ba su dama ba, a 2015 kuma marina suka yi zanga-zanga zuwa fadar Kano kan shigowar rinannun yadudduka daga Sin. A watan Afrilun 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Caina, bisa tsohuwar al'adar masarauta ta bai wa kowace al'ummar baƙi shugaban da za a riƙa magana da shi.

Kashi na biyu ma'aikatan manyan kamfanonin gine-gine ne. Kamfanin CCECC shi ya gina sabon ginin matafiya na filin jirgin saman Malam Aminu Kano, shi ke aikin layin dogo na Kaduna zuwa Kano, shi ne kuma ya gina Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura a matsayin kyauta, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disambar 2019. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka bai wa, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na hannun jarin wannan kamfani mallakar kamfanin CCCC na gwamnatin Sin ne. A tsallaken iyaka, matatar man SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, kamfanin CNPC ke da kashi 60 cikin ɗari na ta.

Biki a baƙunta

Mai shago ko mai masana'anta da ke da wanda zai bar wa amana yakan tafi gida, ta Addis Ababa ko Alƙahira, ya yi mako uku zuwa wata guda. Ma'aikacin kamfanin gine-gine ba kasafai yake samun wannan dama ba, domin rani shi ne lokacin aikin ƙasa da zuba kankare, kuma duk kwanan da aka rasa kafin damina ba ya dawowa. Yawanci kamfanoni kan raba hutu, wasu su tafi, sauran su yi bikin a sansani da hutun kwana ɗaya zuwa uku.

Tsakanin Nijeriya da Beijin akwai tazarar awa 7. Shirin talabijin na daren jajibiri, wanda gidan talabijin na ƙasar ke gabatarwa tun 1983, yana farawa da ƙarfe 8 na dare a can, wato ƙarfe 1 na rana a Kano. Sabuwar shekara kan shiga da ƙarfe 5 na yamma agogon Nijeriya. Don haka Basinen da ke Daura yakan yi gaisuwar shekara da iyayensa ta bidiyon waya bayan La'asar, rana tana nan ba ta faɗi ba. Liyafar kan kasance a ɗakin cin abincin sansani, inda injiniya da direba da mai dafa abinci kan zauna tare suna naɗa jiaozi. Sansanoni da yawa suna da ɗan lambun da ake shuka ganyayen gida, sauran kayan miya kuma a sayo daga 'Yankaba ko a aiko daga Legas. Mazauna Kano, waɗanda suka fi yawa a Bompai da Nasarawa, kan haɗu a gidajen abincin Sinawa ko a gidan wani babba daga cikinsu.

Tartsatsin wuta shi ne abin da aka fi rasawa. Rundunar 'yan sanda kan hana harba irin waɗannan abubuwa a lokutan bukukuwa, kuma a yankin da jama'a suka san ƙarar bindiga, wasa da abu mai fashewa na iya tayar da hankalin unguwa. Manyan shagulgula, da rawar zaki da baje kolin abinci, a Abuja ake yin su ƙarƙashin ofishin jakadanci da Cibiyar Al'adun Sin, sai kuma Legas, inda Sinawa suka fi yawa.

Wuraren da ake kai ziyara

Kwanakin hutun su ne kusan lokaci ɗaya tilo da ma'aikacin sansani ke samun sukunin ganin garin da yake zaune a ciki. Yanayi ma yana taimakawa, domin zafi bai kankama ba, sai dai hazo kan tokare gani, wani lokaci har ya hana jirage sauka a Kano.

A Kano ziyarar yini guda takan fara da Dutsen Dala, inda ake hangen tsohon birni da ragowar ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Daga nan sai Gidan Makama, wanda yake gidan tarihi ne a yanzu, da ƙofar Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, dukansu ana danganta su da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa an kafa a 1498, yana da wani darasi na musamman ga baƙon da ya fito daga ƙasar masaƙu: a nan zai ga rinin baba da hannu, sana'ar da kayan ƙasarsa suka rage wa kasuwa.

Daura tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Kano ta hanyar Kazaure. Abin da kowane baƙo ke fara nema shi ne Rijiyar Kusugu, wadda aka kewaye da gini, kuma har yanzu ana ɗebo ruwanta a bai wa mai ziyara. Tarihin baka ya ce wani maciji mai suna Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya iso da dare ya sare kansa, ya auri Sarauniya Daurama, zuriyarsa kuma suka kafa Hausa Bakwai. Mai yi wa Basine jagora ba zai sha wahalar bayani ba, domin labarin dodon Nian da na macijin Kusugu zubinsu ɗaya: wata halitta ta takura wa gari, aka yi maganinta, aka mai da abin tarihin da ake tunawa. Kusa da rijiyar akwai fadar Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007, kuma a fadar ake ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Wanda hutunsa ya haɗa da Lahadi zai iya ƙarasawa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kan iyaka.

Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. A can akwai Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wanda ya zama gidan tarihi. A ƙaramar hukumar Mani kuma akwai kaburburan sarakunan farko na Katsina a Durɓi ta Kusheyi.

Akwai wata alaƙa da ta dace a sani. A watan Disambar 2024, a taron da hukumar UNESCO ta yi a birnin Asuncion na Faragwai, an saka Bikin Bazara na Sinawa da hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a zama guda.

Babban Mutum da maganar iyaka

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Ɓaure. Zango da Ɓaure su ne wuraren da sarakunan Haɓe suka koma bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, kafin Turawa su mayar da gidan kan gadon sarauta a 1906. A ƙasar Ɓaure garin Babban Mutum yake, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta Ɓaɓura ta nufi Magarya a Jamhuriyar Nijar. Baƙon da ya yi sha'awar ƙarasawa Damagaram don ganin fadar Sarki ko ziyartar 'yan uwansa na matatar mai, ta nan ko ta Kongolom zai bi.

A nan ne ziyarar hutu kan tsaya. Ɗan yankin yana iya tsallakawa cin kasuwa ya dawo, amma Basine yana buƙatar bizar Nijar, da katin izinin zama na Nijeriya wanda bai ƙare ba, domin ya samu dawowa. Iyakar kanta ba ta da tabbas: Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025.

Tsaro shi ne babban abin da ya taƙaita yawon Sinawa. A Janairun 2022 'yan bindiga sun sace wasu ma'aikata Sinawa da ke aikin da ya shafi madatsar ruwa ta Zungeru, a watan Yunin shekarar kuma aka kai hari wani wurin haƙar ma'adinai a Shiroro, aka kashe jami'an tsaro da dama aka tafi da wasu Sinawan. Ɓangaren Daura ya fi yamma da kudancin jihar Katsina kwanciyar hankali, duk da haka kamfanoni ba sa barin ma'aikatansu su fita sai da rakiyar 'yan sanda, da rana, a dawo kafin Magariba. Shi ya sa mutum zai iya yin shekara biyu yana aiki a masarautar bai taɓa ganin Kusugu ba.

Ko da Basine bai taka Babban Mutum ba, kayan ƙasarsa sun riga shi zuwa. Baburan Jincheng da Haojue, wayoyin Tecno da itel, fitilar caji, farantin sola da injin ban ruwa duk daga can suke. Riɗin da ake nomawa a yankin da maƙwabtansa na Jigawa da Nijar kuwa, ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa sayen irinsa a duniya. Idan masu saye suka tafi hutu, dillalin Dawanau kan ji a jikinsa, daga nan kuma abin ya gangaro zuwa kasuwar ƙauye.

Lissafin ɗan kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar hutun a matsayin na mako guda. Masana'antu kan fara rage aiki mako biyu zuwa uku kafin ranar, saboda 'yan ci-rani na son su riga cunkoso. Bayan biki ba kowa ke dawowa ba, wasu kan canza wurin aiki, sai mai masana'anta ya nemi sababbin hannu ya koya musu. Kasuwar Yiwu, wadda ta fi kowace girma wajen ƙananan kaya, bisa al'ada sai ranar 12 ga watan farko take buɗewa. Kafin komai ya daidaita akan yi wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kayan da aka yi cikin gaggawar ƙarshen shekara, ko a makonnin farko na sababbin ma'aikata, su suka fi buƙatar a sa wakili ya duba su kafin a rufe kwantena. Kuɗin dako ma yakan tashi gab da hutun, domin kowa na neman gurbi a jirgi.

Shekarar 2027 ta isa misali. Bikin zai kasance ranar 6 ga Fabrairu, Azumi zai kama bayan kwana biyu ko uku, Ƙaramar Sallah kuma wajen 9 ko 10 ga Maris. Bikin fitilu zai faɗo 20 ga Fabrairu. Kayan da aka fara haɗawa bayan wannan rana, idan aka lissafa lokacin yin su, da wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi a teku kafin su iso Apapa ko Lekki, da fiton kwastan, da hanyar mota zuwa Kano, ba za su riski Ƙaramar Sallah ba, sai dai a yi fatan Babbar Sallah a tsakiyar Mayu. Ga shi kuma kayan Sallah tun kafin Azumi ake sayen su, domin teloli su samu lokacin ɗinki. Ke nan atamfa, shadda, leshi, takalma da kayan yara da ake son sayarwa a wannan kaka, ya kamata su bar tashar jirgin ruwan Sin a farkon Disamba, odarsu kuma a bayar tun Oktoba, bayan hutun ranar ƙasa da suke yi a makon farko na watan. Tun ran gini ran zane.

Maganar kuɗi ma tana da nata lokacin. Sinawa na ganin shiga sabuwar shekara da bashi a matsayin abin kunya, mai masana'anta kuma dole ya sallami ma'aikatansa kafin su tafi. Don haka wanda ake bi ciko zai ga an matsa masa a watan da ya gabaci bikin, wanda kuma ya biya a kan kari yakan samu sauƙin farashi da yarda a shekara mai zuwa. A ɗaya ɓangaren, tura kafin alƙalami mai yawa ga sabon abokin hulɗa ana saura kwanaki a rufe yana da haɗari, domin a wannan lokaci ne masana'antar da ta durƙushe kan rufe ƙofa ba ta sake buɗewa ba. Bankunan can kan tsaya a kwanakin hutun, yarjejeniyar musayar Naira da Yuan da babban bankin Nijeriya ya ƙulla a 2018 ba ta canza wannan ba. Mai niyyar zuwa Guangzhou, wanda 'yan kasuwa ke kira Gwanzu, gara ya jira baje kolin Canton da ake farawa a tsakiyar Afrilu da ya je ya tarar da shaguna a kulle. Ofisoshin bayar da biza na Abuja da Legas ma kan rufe na wasu kwanaki.

Ga ma'aikaci da maƙwabci

Jami'in da ke hulɗa da kamfanin Sinawa zai rage wa kansa wahala idan ya kammala taron duba aiki, sa hannu da biyan kuɗi kafin makon bikin, ya kuma nemi a rubuce sunan wanda aka bar wa riƙo. Ma'aikatan gida da ke ƙarƙashin irin waɗannan kamfanoni suna da haƙƙin sanin ko za a biya su kwanakin da aka tsayar da aiki, tun da ranar ba ta cikin hutun da dokar Nijeriya ta sani.

Wanda aka gayyata liyafa kuwa, abu biyu ne zai kiyaye. Naman alade shi ne aka fi cusawa a jiaozi, kuma barasa mai ƙarfi da suke kira baijiu ba ta rasa wurin. Faɗin gaskiya tun farko ba ya ɓata rai, domin ƙasar Sin na da Musulmi fiye da miliyan 20, kuma kalmar qingzhen, wato halal, sananniya ce ga kowane Basine. Idan za a kai kyauta, lemo da kayan marmari sun wadatar. Agogo ba ya cikin abin da ake bayarwa, saboda furucin ba da shi ya yi kama da na rakiyar gawa, haka ma duk abin da ya zo huɗu, domin sunan lambar ya yi kusa da kalmar mutuwa. Gaisuwar ita ce xinnian kuaile, ana furta ta kamar shin-niyan kwai-la, ma'ana barka da sabuwar shekara.

Mai masaukin da zai zagaya da baƙo yana da nasa nauyin. Shi zai gaya masa ya cire takalmi a inda ake cirewa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane, musamman mata, ya kuma mai da wayarsa aljihu a shingen jami'an tsaro da bakin iyaka. Zuwa fada yana buƙatar a sanar tun da wuri ta hannun sakataren masarauta ko hakimi. A shekarun da bikin ke faɗowa cikin Azumi, cin abinci ko shan taba a bainar jama'a da rana abu ne da baƙo zai guje wa, gidajen abinci ma yawancinsu a rufe za su kasance har a sha ruwa.

Daga 2029 zuwa 2031 lamarin zai juya. Ranar farko ta shekarar Sinawa za ta zo ana saura kwana ɗaya ko biyu Sallah, hutun ɓangarorin biyu ya haɗu a mako guda. Ɗan kasuwa zai buƙaci kayansa su iso Kwari tun cikin Disamba. Injiniyan da bai samu tafiya gida ba kuwa, idan kamfaninsa ya ba shi izini da rakiya, zai iya tsayawa a ƙofar fadar Daura a rana ta biyu ko ta uku ta sabuwar shekararsa ya kalli hawan Sallah.